Wa Ya Faɗa Maka? Yadda Labari Ke Yawo a Mai Wurno

In ka kwana a Mai Wurno, wani gari a ƙasar Sudan, ba sai ka buɗe waya kafin ka ji babban labarin gari ba. Bayan an sallame asuba, wata rana sai ka ji an hura lasifikar masallaci sau biyu, an yi gyaran murya, sannan aka ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Nan take gida ya yi tsit. Mai hura wuta ta dakata, mai wanke fuska ya tsaya da buta a hannu, domin abin da zai biyo baya suna ne: wane ɗan wane, na unguwa kaza, za a kai shi ƙarfe kaza. Kafin hantsi kowa ya san inda zai nufa da abin da zai riƙa a hannu.

Jaridun Sudan, tun kafin yaƙin da ya tashi a 2023 ya watsa su, yawancinsu a Khartum ake buga su, da Larabci, kuma hankalinsu na kan fadar gwamnati da jam'iyyu da ƙwallon Hilal da Marrikh. Gari irin namu ba ya shiga cikinsu sai an yi ambaliya ko an zubar da jini. Amma ba a taɓa rasa labari a garin ba, kuma ba a hargitse yake yawo ba. Akwai tsari, ko da yake babu wanda ya zauna ya rubuta shi. Wannan tsarin nake so in warware wa mai karatu na Kano ko Damagaram, domin shi ne abin da wayar hannu ta girgiza, yaƙi kuma ya gwada ƙarfinsa.

Sai an fara da sanin ko wane gari ne. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiyar da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu. Garin da ya kafa ya ɗauki sunansa, kuma har yau akwai sarauta a gidan, ana ce wa mai riƙe da ita Sultan. Yana kudu da birnin Sinnar, tafiya kaɗan a mota, a kan hanyar Sinja, babban birnin jihar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙodago ya ƙara jawo mutanen yamma, Fulani da Hausawa da Barebari, waɗanda 'yan ƙasa ke haɗa su duka su kira Fallata.

Abin da wannan tarihi ya bar mana shi ne ɗabi'ar mutanen zango. Shekaru da dama mahajjatan ƙasa suna bi ta wannan yanki, wasu su yi shekara biyu suna noma don su tara guzuri, wasu su zauna ke nan har jikoki. Duk wanda ya iso daga yamma, kafin ya huce gajiya an kewaye shi: wa ke sarauta a Katsina yanzu, an yi ruwa a Haɗeja, ka san gidan wane a Gusau? Wanda ya dawo daga Makka shi ma haka. Labari a wurinmu tun asali ba takarda ba ne, mutum ne mai ƙafa biyu da ya zo ya zauna a tabarma, ana kallon fuskarsa yana faɗa. Idan ya yi ƙarya, gobe ma yana nan.

Mutanen gari ba sa zuba duk magana a ƙwarya ɗaya. Akwai sanarwa, akwai kuma abin da a Larabcin Sudan ake kira shamar. Asalin shamar wani ƙwayar kayan ƙamshi ne da ake barbaɗa wa abinci, amma a bakin mutane ya koma sunan tsegumi, har in ya yi daɗi a ce shamar ne mai zafi. Hausawan can sun ɗauki kalmar yadda take. Bambancin biyun ba wai ɗaya gaskiya ne ɗaya ƙarya ba, domin sau da yawa shamar yakan fi sanarwa gaskiya. Bambancin shi ne sanarwa tana da mai ita, kuma tana ɗora maka nauyi. In liman ya faɗa, ko shehun unguwa ya aiko yaro, ko magana ta fito daga fada, to ba don ka ji daɗi aka faɗa maka ba. An faɗa ne don ka tashi: ka je jana'iza, ka fito nafir, wato gayya, a toshe inda ruwa ya ɓalle, ka kai yara rigakafi, ka kawo abin da aka yanka wa gidanka na gyaran rijiyar burtsatse. Wanda ya ji sanarwa bai motsa ba, an gan shi. Shamar kuwa ba ya bin ka bashin komai. Ka ji, ka yi dariya ko ka riƙe baki, ka ƙara gaba.

Mutuwa ce ta fi nuna yadda sanarwa ke aiki, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Da an dawo daga maƙabarta, ana kafa rumfar zaman makoki a kan titi a ƙofar gidan, maza a waje, mata a ciki. Gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya don baƙi shi kaɗai. Farantan abinci ne ke ta fitowa daga maƙwabta. Sannan a gefe guda za ka ga wani saurayi mai kyan rubutu riƙe da littafi. Wannan shi ne kashif. Duk wanda ya ba da gudummawa, komai ƙanƙantarta, a rubuta sunansa da adadin. A ƙarshe a miƙa wa masu gida littafin da kuɗin.

Baƙo zai ɗauka lissafin kuɗi ne kawai. Ni ina ganin ita ce jaridar gari ta gaskiya, kuma ita kaɗai ake adanawa. Wanda ya iya karanta kashif zai gane wa ya dawo daga Saudiyya da abin hannu, wa kasuwa ta juya wa baya har bana ya rage abin da ya saba bayarwa, waɗanne gidaje biyu ne suka shirya bayan shekaru ba sa ga maciji, da kuma sunan da ya kamata a gani ba a gani ba. Tsofaffi mata, waɗanda da yawansu ba su yi boko ba, sukan sa jika ya karanta musu shi daga farko har ƙarshe, suna gyaɗa kai. Ba bin diddigi suke yi don mugunta ba. Bashi ne da za a biya ranar da mutuwa ko biki ya sauka a wancan gidan, kuma dole a san nawa ne.

Da na ambaci mata, bari in faɗi abin da mazan garin ba sa son ji. Suna zaune a diwan, wato zauren baƙi, ko a gindin bishiya bayan la'asar, suna jin su ne masu labarin gari. A gaskiya saura ake kawo musu. Labarin da ya shafi cikin gida, wanda kuma shi ne mafi yawan abin da ke faruwa a ƙaramin gari, ta hannun mata yake fara bi. Da hantsi, in an sallami 'yan makaranta, maƙwabta kan taru a gida ɗaya a soya gahawa a daka a dafa jabana, ana sha ana hira. Ga taron sanduƙ, adashinmu ke nan. Ga 'yan mata masu tallar gyaɗa da godogodo da ke shiga gida goma kafin azahar. Ta nan ake sanin gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ba, da matar da ciki ya zo mata da gardama, da yaron da ya fara bin abokan banza. Kuma sau da yawa ta nan ake kashe matsalar ba tare da ta kai kunnen maza ba: a aika kwanon dawa da dare, a ce wai ɗanɗano ne. In ana binciken aure, duk abin da kawunnai za su je su tambayo a masallaci, gwaggo ta riga ta sani tun makon jiya.

Labarin waje kuma yana da nasa masu ɗauka. Direbobin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Sinnar da Sinja, da 'yan raksha, wato adaidaita sahu, su ne ke kawo farashi: nawa buhun dawa ya kai, an fara sayen riɗi ko ba a fara ba, akwai man fetur a gidan mai ko layi ne. Da yamma, wurin mai agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan duka, da kujerun mai shayi, nan ake tace abin da aka kwaso. Akwai kuma labarin kogi, wanda mutumin da ba ya zaune a bakin ruwa ba zai gane nauyinsa ba. Garin yana tsakanin madatsu biyu, ta Rusairis a sama, wadda aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawo a 2013, da ta Sinnar a ƙasa. Mai lambun ayaba ko mangwaro a gaɓa, da masunci, da mai injin ban ruwa, duk rayuwarsu na rataye da hawa da saukar ruwan. Ɗan'uwa a Damazin, kusa da madatsar Rusairis, ya ce ruwa ya taso, wannan ya fi musu duk abin da rediyon Umdurman zai faɗa a ranar.

Sai waya ta zo. Ba zan yi kamar tsofaffin da ke ɗora mata kowane laifi ba, don ta yi mana abin da ba a taɓa yi mana ba. A makarantun Sudan da Larabci ake karatu. Yaron Mai Wurno na iya tashi da Hausa ko Fulatanci a baki, amma in ka ba shi alƙalami Larabci zai rubuta, boko na Hausa irin na Kano bai taɓa koyonsa ba. Saboda haka duk abin da aka rubuta, daga takardar gayyata har saƙon waya, da Larabci yake, tsohuwar da ba ta karatu kuma sai an karanta mata an fassara. Saƙon murya na WhatsApp ne ya rushe wannan katanga. Yanzu Inna za ta danna ta yi maganarta da Hausarta, da karin maganarta da addu'o'inta, ɗanta a Jidda ko Riyad ya ji kamar yana tsakar gida. Zaurukan dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai suka cika da muryoyi. Har ta kai wanda ke Saudiyya kan ji rasuwa kafin maƙwabcin da ke bayan katanga, ya kuma turo tasa gudummawar kafin a dawo daga maƙabarta.

Abin da waya ta ɓata ƙarami ne a ido. Ta sa sanarwa da shamar sun shigo ta ƙofa ɗaya, da kaya iri ɗaya. A da in ka ji magana daga lasifikar masallaci ka san nauyinta, in ka ji ta a wurin mai shayi ka san nata. Yanzu dukansu ɗan kore ne a fuskar waya, kuma muryar da ke magana ba lallai ka san mai ita ba. "Jama'a, ku yaɗa don Allah." Wane ne? Daga ina? Yaushe aka ɗauka? An turo ne.

Na ga wannan a gidanmu. Wata safiya ina nesa da gida sai ga saƙon murya a zauren dangi, wani da ban san muryarsa ba yana sanar da rasuwar wani dattijo, suna da sunan uba duk irin na kawuna. Kafin minti ashirin ta'aziyya ta cika zauren, wata 'yar'uwa a Gadarif har ta fara neman mota. Na kira mahaifiyata hannuna na rawa.

"Inna, ashe haka Allah ya yi da Kawu?"

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Wa ya faɗa maka?"

"A waya aka turo, Inna."

"Na ji a waya. Ita wayar wa ya faɗa mata? Kawunka yanzu ya wuce ta ƙofar nan zai je lambu, har ya ce in gaishe ka."

Mai sunan ne ya rasu, a wani gari dabam. Kawu ya yi wata guda yana amsa gaisuwar "sannu da dawowa", yana dariya, amma matarsa ba ta ga abin dariya ba.

Tambayar nan ta Inna ba tata ba ce ita kaɗai. Gari ne na malamai da khalwa, makarantar allo, inda aka saba jin cewa magana ba ta tsayuwa sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi ɗin mai gaskiya ne? Mutanen da ba su taɓa buɗe littafin hadisi ba ma sun gaji wannan a hira. In ka kawo magana za a ce maka "ka gani ko ka ji?" In ka ce ka ji, a ce daga bakin wa. In ka ce "an ce", to ka sauke ta da kanka zuwa shamar. Saƙon da aka turo ya tsallake wannan shinge ne gaba ɗaya, domin yana zuwa da muryar mutum, da kuka ko haki a ciki, sai kunne ya ɗauka gani ne.

Kuskuren sunan mamaci abin dariya ne a kan abin da ya zo a 2022. A watan Yulin shekarar rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, maƙwabciyarmu ta kudu, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa tsohuwar magana ce ta ƙasa da sarauta. A tsarin da ake kira idara ahliyya, mulkin gargajiya na nazir da umda da shehu, sarauta tana tafiya da ƙasa, don haka da Hausawan jihar suka nemi a ba su tasu masarautar, wasu suka ɗauke ta a matsayin neman mallakar ƙasar da suke ganin ta kakanninsu ce. Hukumomin lafiya sun ƙirga mutum fiye da 100 da aka kashe a watan, a Rusairis da kewaye. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Khartum, a Kasala har aka ƙona ofisoshin gwamnati. A watan Oktoba wuta ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin mutum 200. Dubban mutane suka gudo arewa, zuwa jihar Sinnar da ta Farin Nilu.

Ba waya ce ta haifi rikicin ba, kuma wanda ya ce ita ce yana kauce wa maganar ƙasa da 'yan siyasar da suka hura ta. Amma duk wanda ke cikin zaurukan Hausawa a makonnin nan ya san abin da ya gani. Hotunan gawarwaki, wasu na gaske, wasu ba a san daga wace ƙasa aka kwaso su ba. Muryoyi suna cewa ga su nan tafe, sun kusa gari kaza. A Facebook kuma kowane ɓangare na zagin ɗaya da sunayen da ba sa maimaituwa, ana ce wa mutanen da kakanninsu suka haura shekara ɗari a ƙasar su koma inda suka fito. Abin da ya riƙe garuruwan da wutar ba ta kai ba shi ne tsohuwar hanya: dattijo ya kira dattijo da ya sani a wancan garin, ya ce wane, ka leƙa waje ka gaya mini abin da idonka ya gani. Da kuma waɗanda suka gudo da kansu, da suka zauna a tabarma suka faɗi abin da ya same su, wanda ya isa muni ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Daga 15 ga Afrilun 2023 kuma, da yaƙi ya tashi tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda a can ake kira da'ama, ma'anar labarin gari ta canza baki ɗaya. Da farko daga nesa ake jin sa, sai dangin Khartum suka fara isowa da katifu a kan mota. A watan Disamba Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi, mutanen Jazira suka kwararo kudu. A ƙarshen Yunin 2024 da'ama suka kama Jabal Moya, suka shiga Sinja a ranar 29 ga watan, daga baya suka bazu zuwa Dindir da Suki. Birnin Sinnar bai faɗi ba, amma an datse manyan hanyoyinsa, ga damina ta mai da sauran hanyoyin taɓo. Mai Wurno na tsakanin Sinnar da Sinja. Sai a watan Oktoba sojoji suka karɓe Jabal Moya, suka koma Sinja a ranar 23 ga Nuwamba, sannan Madani a watan Janairun 2025.

A irin wannan lokaci ba wanda ke tambayar wa zai auri wa. Tambayoyin sun koma kaɗan, kuma kowace amsarta na iya zama rai ko mutuwa. Hanya a buɗe take? Shinge nawa ne, na su wa? A ina ake samun shabaka, wato sabis ɗin waya? Wa ke da tsabar kuɗi? Wannan ta ƙarshen tana buƙatar bayani. Da bankuna suka rufe a wurare da yawa, manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama aljihun ƙasa: ɗanka a Saudiyya ya turo, kai kuma ka tura wa mai kanti, ka nuna masa ish'ar, shaidar da ke fitowa a waya. Amma mai raksha da mai kayan miya takarda suke so, don haka aka samu masu canza kuɗin waya zuwa na hannu suna cire kasonsu. Jine, kuɗin Sudan, kuma na ta zubewa. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta wuce jine 600 da wani abu ba, a 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Sanin wanda ke cire kaso kaɗan yau ya zama labari mai tsada.

Sannan a watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a ƙasar duka, wasu wuraren na makonni. Ba WhatsApp, ba Bankak. A wurare da dama mutane sun koma biyan kuɗin awa a wajen masu na'urar Starlink don su aika saƙo ɗaya su karɓi kuɗi. A cikin gari kuwa, abin da aka ɗauka ya tsufa shi ya tashi. Lasifikar masallaci, in akwai hasken rana da zai kunna ta. Yaro a kan keke. Takarda a hannun direba. Tsofaffin rediyo da aka jefa a ƙarƙashin gado aka kakkaɓe su. Direban da ya iso daga wata hanya aka kewaye shi kamar yadda kakanni ke kewaye mahajjaci, ana kallon fuskarsa, kuma ana sanin wane direba ne mai ƙara wa miya gishiri, wane ne in ya ce hanya lafiya to ka ɗauki iyalinka ka bi.

A nan ne na gane cewa tsarin bai mutu ba, amma kuma a nan gazawarsa ta fito. Tsari ne da aka gina a kan sanayya. Yana aiki ne domin kowa ɗan wane ne. To, yaya wanda ya sauka jiya daga Khartum ko Madani, yana kwana a ajin makaranta, ba shi da kawu a gari, sunansa bai taɓa shiga kashif ɗin kowa ba? In ɗansa ya rasu, wa zai je ya gaya wa liman, kuma in an faɗi sunan wa zai gane? Matasan da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da takiyya, girkin sadaka na unguwa da ya ciyar da mutane da yawa a faɗin Sudan, sun gano haka da wuri. Aikinsu na farko kafin a ɗora tukunya shi ne rubuta sunaye: gida nawa, yara nawa, wa ke da ciwon suga, wa ke da ciki. Wato sai da suka buɗe wa baƙi nasu littafin kafin gari ya iya ganinsu. Da kwalara ta ɓulla, wadda gwamnati ta sanar a watan Agustan 2024, irin waɗannan jerin sunayen ne suka nuna inda za a fara kai ruwa mai tsabta.

Rashin sanayya yana da wata fuskar da ta fi wannan duhu. A lokacin yaƙi kalma ɗaya, muta'awin, mai haɗa baki da abokan gaba, ta isa ta sa a ɗauke mutum. Shamar da a da iyakarsa ya ɓata aure, yanzu yana iya kai mutum inda ba a dawowa. Wanda ke da dangi a gari akwai masu tsaya masa su ce mun san shi, mun san ubansa. Wanda ba shi da su fa? Mazauna kambo, ƙauyukan 'yan ƙodago da ke gefen gonakin Jazira, sun ɗanɗana wannan a watan Janairun 2025, lokacin da aka kai hari Kambo Tayba bisa zargin goyon bayan da'ama, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗora alhakin a kan mayaƙan da ke tare da sojoji. Duk Bahaushen Sudan da ya ji wannan labari ya san ba nesa da shi aka yi ba.

Akwai kuma abin da labarin gari ba ya faɗa ko da kowa ya sani. Sutura ce ke hana shi. Abin da ya sami wasu mata a hanya, gidan da ɗansu ya bi da'ama don ganima, dattijon da ya rasa komai har hankalinsa ya taɓu. Waɗannan ba sa hawa lasifika, ba sa shiga zauren dangi, a wurin jabana ma da ido ake faɗarsu. Wani lokaci ina ganin wannan rahama ce, domin mutanen za su ci gaba da zama a gari ɗaya, 'ya'yansu su yi aure. Wani lokaci kuma ina ganin ta haka ne wanda aka zalunta ke rasa mai jin sa.

Yanzu da hanyoyi suka buɗe, shabaka ta dawo, zaurukan sun sake cika. Na lura wasu sun sa doka: ba a sanar da rasuwa sai ta bakin ɗan gidan ko mai kula da zaure, kuma a faɗi unguwa da sunan kaka. Wasu kuma sun koma yadda suke, ana ta turo maganin kowace cuta da muryoyin da ba su da fuska. A zaman makokin da na halarta na baya-bayan nan, saurayin kashif littafi ne a cinyarsa, waya a hannun hagu. Rabin gudummawar ta Bankak ta shigo, daga Jidda, daga Bur Sudan, daga Alƙahira, kuma tun da aka fara jin labarin ish'ar na jabu, ba ya rubuta suna sai ya buɗe asusun ya ga kuɗin sun sauka. Da la'asar tsohuwar gidan ta aiko a kira shi ya karanta mata. Ya kai kan wani suna da ba ta sani ba, da adadi mai ɗan kauri. Ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Wannan ɗan wa ye?"

Ya duba waya, ya duba littafi, ya ce, "Hajiya, cikin waɗanda suka zauna a makaranta ne bara. Ya koma Madani."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ya ja layi a ƙarƙashin sunan, ya rubuta lambar wayarsa a gefe.